Ɗari Uku Ba Ɗaya

Aikina ƙirge ne.
Ana rawa, ana kuka, ni ina gindin mota
da biro a bayan kunne.
Ɗari uku ke fita daga shagon Adiza a Aboabo,
ɗari uku za su koma, ko albashina ya ji a jikinsa.
Farare ne, na roba,
da tambarinmu a ƙone a bayan kowace kujera.

Adiza ce uwar tafiya.
Waya biyu, littafi ɗaya mai jan bango.
A cikinsa akwai auren da ba a ɗaura ba tukuna,
da sunan jaririn da bai faɗo ba,
da wani dattijo na Bantama, wata uku a ɗakin sanyi,
yana jiran 'ya'yansa su sauko daga Turai.
Ban taɓa ganin ta ci abincin biki a zaune ba.
Kafin a shafa wannan fatihar, wata take tsara.

Isaka mai rumfa ya fi liman sammako.
Ƙarfe a kafaɗa, igiya a haƙori,
ido a sama, don ruwan Kumasi ba ya sallama.
In hadari ya haɗo ta wajen Tafo
sai ya ce, ku miƙo turaku a ƙara.

Mutala na tsugune gaban janareta kamar mai jinya.
Babu wanda ya san sunansa
sai wuta ta ɗauke tsakiyar kiɗa,
nan take baki ɗari biyar su haddace shi da ƙara.

Iya Zenabu, an ce mata mutum ɗari biyu,
ta dafa wake da shinkafa na ɗari huɗu.
Ta ce gayyar Zango ba ta da ƙyaure,
wanda ya ji ƙamshi, shi ma an kira shi.
Awudu sanƙira kuwa harshe uku gare shi,
Hausa, Tonanci, da Turancin neman kuɗi.
Ya san wanda za a fara ambata,
ya san wanda in an manta da shi, sai taro ya tarwatse
kafin a fara.

Asabar muna Bantama, ja da baƙi, ganguna na magana.
Lahadi muna Asawase, leshi da turare.
Kujerar da ta sha hawaye jiya
ita ce yau ke ɗauke da ƙawar amarya.
Tsumma ɗaya, ruwan omo, na goge, na jera.

To, daren Asabar ɗin nan na ƙirga,
ɗari uku ba ɗaya.
Na sauke, na sake. Na sake.
Direba na danna oda, Isaka ya naɗe rumfarsa,
fili ya koma fili, sai ledojin ruwa da shara.

Can gindin mangwaro na hango ta.
Matar mamacin ce, ta tuɓe takalmi,
baƙin zane ya zame daga kafaɗa.
Ta dube ni, ta dubi biro,
ta ce da Hausarta ta kasuwar Kejetiya,
ɗana, tun safe hannu nake bayarwa,
dubu sun gaishe ni, ban samu na yi kukana ba.
Ka ɗan saurara.

Na tsaya. Oda ta sake tashi.
Na juya na hau bayan mota.

Adiza ta buɗe littafi, ta ji bayani har ƙarshe,
ta ce Allah ya ba ka lada,
ta cire sidi sittin.
Ban ce uffan ba, ita ma haya take biya.

Washegari a Asawase aka rasa wa wani kawun ango wuri.
Awudu ya rufe da kirari, har tsohon ya manta yana tsaye.
Ni dai ina gindin mota, inda na saba.
Shekara tara ina wannan aiki,
ban taɓa zama a kan ko ɗaya ba
cikin ɗari biyu da casa'in da tara.